Kawu Kuku da Miyar da Ba a Ci da Tuwo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata ana tsakiyar cin kasuwar Mafara, don haka kafin la'asar labari ya riga ya kai Bakura da Maradun a bakin masu komawa gida. Washegari gidan ya cika har sai da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙwabta.

A cikin gida wata tsohuwa maƙwabciyarsa, wadda babu haƙori ko ɗaya a bakinta, ta je ta zauna gefen murhun da ya gina da hannunsa, aka yi aka yi ta dawo inuwa ta ƙi. Cewa take yi yanzu kam ta koma wa koko har ranar tata mutuwar. Matar wani tsohon ma'aikacin gona, Kirista, da suka zo garin tun zamanin aikin dam suka zauna, ta fi wasu dangi kuka. Ta ba mu labarin yadda Kawu ya yi ta kai musu kwano lokacin da ɓarin jikin mijinta ya mutu, haɗiya ta gagare shi. A zaure kuma tsofaffi suna ta yabon alwalarsa da tsaftar rigarsa.

Da na zaga bayan ɗaki neman ludayi, sai na tarar da wasu 'yan mata biyu matan aure suna wanke kwanoni. Ba su ji tahowata ba. Ɗaya tana ce wa ɗaya, wai ba wannan tsohon ne aka ce ya nuna wa hukuma mutane lokacin rikicin dam ba? Ɗayar ta ce ita ma haka ta ji wajen kakarta. Lokacin da abin ya faru ko iyayensu mata ba a aurar ba. Ban tanka musu ba, gidan makoki ba wurin cacar baki ba ne. Na ga cewa in ni ma na mutu da abin da na gani, wannan maganar ce za ta saura. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu yayan Inna mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, ko in ce yana can a da, don yanzu ruwa ne a kansa. Tun yana saurayi ya bar gida ya bi duniya, Gusau, Kaduna, Jos, yana wanke tukwane a gidajen Turawa har ya zama kuku. Sai da aka fara aikin dam ya dawo ƙasarmu, ya sami aikin dafa wa wani injiniya abinci a sansanin da aka gina wa ma'aikata a wajen Talata Mafara.

Mutum ne gajere, mai sanyin murya, farcensa kullum a yanke. Yana da wuƙa guda da ko matarsa ba ta taɓawa. In ya shigo gidan Inna, gaisuwa kawai zai yi ya zarce madafa ya hau buɗe tukwane yana shanshanawa, Inna tana korarsa da muciya tana cewa ya bar ba ta kunya gaban kishiyoyin maƙwabta. Maza suna yi masa dariya a bayan ido, wai namiji da gemu ya ƙare a gindin murhu. Shi kuwa in maganar ta dawo masa, sai ya ce duk mai dariyar da bakin da yake cin tuwo yake yin ta. Yana da wata magana da yake yawan yi in ya ga ana yi wa mara lafiya dogon wa'azin haƙuri: a fara ba shi abin da zai haɗiya tukuna, kunnen mai yunwa a toshe yake.

Abin da aka fi saninsa da shi ita ce miyar dankalin Turawa da wata irin albasa da mu ba mu da ita. Albasar ba ta yin kai kamar tamu, doguwa ce mai kauri, fara daga ƙasa, koriya daga sama, ganyenta faffaɗa. Matar injiniyan ce ta ba shi irin, ya yi 'yar fadama a bayan ɗakinsa yana ban ruwa da bokiti. An sha musu a kan sunan abin da yake dafawa da ita. Inna ta ce fate ne da ya lalace. Wasu suka ce kunu ne aka sa wa gishiri. Kawu ya ce miya ce, amma ta sha, ba a cin ta da tuwo. Har ya bar duniya mutanen unguwarsu kunun Kawu suke ce mata, ya gaji da gyara musu ya haƙura. Bayan Turawa sun tafi irin albasar ya ƙare masa, sai ya koma yin ta da lawashin albasarmu, yana yi yana ƙorafin ba ɗaya ba ne. Duk inda ya ji an yi haihuwa mai wuya, ko tsoho ya kasa tauna, ko an cire wa wani haƙori, za ka gan shi da kwano ɗaure a cikin ƙyalle. Ba ya jira a kira shi, ba ya kuma zama a yi masa godiya.

Ni an kai ni aure wani ƙauye tsakanin Mafara da Bakura. Can ruwa bai ci gidaje ba, amma katafila ta ci gonaki. Aka zo aka tuge ɗorawa da kaɗanya da kakanni suka bari, aka baje ƙasa, aka ce wa mutane su dakata da shuka sai an gama haƙa hanyoyin ruwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. Maigidana yana cikin samarin da ransu ya fi ɓaci. Manomi ne tun tashinsa, bai iya zama ba, ga shi an ɗaure masa hannu yana kallon gonar ubansa kamar filin idi.

Ranar sunan ɗiyata ta fari Kawu ya zo a kan kekensa da tukunyar miyar nan, ya ce ta mai jego ce. Ina ɗaki na ji muryoyi sun tashi a zaure. Maigidana ne ya tare tukunyar, ya ce abincin kamfanin dam ba zai shiga cikin matarsa ya zama nonon ɗiyarsa ba. Dattawa suka yi ta ba shi baki yana ƙara hawa. Daga ƙarshe ya faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin nauyinta.

"Waɗanda sunka nutsar da kabarin uwarka, su kake hura ma wuta. Ni ko yunwa za ta kashe ni ba ni cin abin hannunka."

Kawu ya ce shi tukunya aka ba shi, ba a ba shi katafila ba, kuma kabarin da ake magana shi ya haƙa shi da hannunsa, ba sai an tuna masa inda yake ba. Ya ɗaure tukunyarsa a bayan keke, ya yi wa jaririya addu'a daga bakin ƙofa, ya tafi. Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga gidanmu, ni ma aka hana ni zuwa nasa.

Ana nan manoma suka tare hanyoyin da motocin aiki ke bi. Maza suna kwana can, mata muna aika musu da ɗan abin da ya samu. Sai ranar da aka turo masu bindiga. Ba zan ba da labarin ranar ba, akwai waɗanda suka fi ni sani, kuma akwai gidajen da suka yi rashin da ya fi namu. Abin da na sani shi ne an kawo mini maigidana a kan jaki, an lulluɓe shi da buhu, fuskarsa ta kumbura har ban gane shi ba sai ta ƙafa. An buge shi da gindin bindiga, muƙamuƙinsa ya karye, haƙoran gefe guda sun zube.

Asibiti ba ta kaiwa, don labari ya bazu cewa duk wanda aka gani da rauni tafiya ake yi da shi. Surukina, wanda nake kira Baba, ya sa aka kwantar da shi a wani tsohon ɗakin ajiya can ƙuryar gida, aka jingina zana da tulunan da suka fashe a ƙofar. Aka ɗauko maɗori a ɓoye, ya gyara ƙashin, ya naɗe kan tun daga haɓa har tsakar ka, ya ce kada bakin nan ya buɗe, kada ya sunkuya, sai ƙashi ya kama. A waje kuwa aka bar mutane suna zaton ya gudu daji, wasu ma suna cewa ya mutu.

Ta gurbin haƙoran da suka zube nake zura masa karan ganyen gwanda, ya riƙa zuƙar koko. Kunun tsamiya yana ƙona masa raunin, fura tana toshe karan, koko kuma ruwa ne, ba ya riƙe namiji. Ina kallo mutum yana narkewa. Wuyansa ya zama kamar na zakara, in na ɗaga shi zaune sai idonsa ya juya. Baba yakan leƙo ya duba shi ya koma. Wata safiya na ga ko zuƙar ma ya kasa, sai na tare wata Bafillatana mai tallar nono da na san tana shiga sansanin, na ce ta nemi kuku gajere mai farar riga, ta ce masa ɗiyar ƙanwarsa tana da mara lafiya da ba ya iya tauna. Ban shawarci kowa ba.

Bai ɓata lokaci ba. Washegari da hantsi sai ga shi da farar rigar aikinsa, buhu ɗaure a bayan keke. Rigar ce ta wuce da shi shingayen da aka kafa a hanya, don masu tsaro suna ganinta sun san na sansani ne. Amma ita ce kuma ta sa duk wanda ya wuce a ƙauyenmu ya bi shi da ido. Baba ya tare shi a zaure. Suka yi gaisuwa mai tsawo, lafiyar gida, lafiyar iyali, gajiya, rana, kowa idonsa a ƙasa. Da gaisuwa ta ƙare Baba ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Kawu ya ce girki ya zo yi, in an ba shi murhu. Baba ya juyo ya dube ni ina laɓe a bakin ƙofa, ya gane, ya matsa gefe.

A gaban matan gida ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya yanke saiwar albasar da ƙarshen ganyen da ya yi tauri, ya tsaga kowace a tsaye, ya buɗe ta ɓawo-ɓawo cikin ruwa yana nuna mini ƙasar da ke maƙale a ciki. Ya ce tsakuwa ɗaya in ta shiga raunin nan ta isa ta mai da mu baya. Ya yayyanka ta sirara. Ya sa aka yanka kaza, amma ƙashi da wuya da ƙafafu kawai ya tafasa a wata tukunya, ya ce naman a ba mai shayarwa. Ya narka man shanu, ya zuba albasar, ya janye itace har wutar ta kusa mutuwa. Ya ce so ake ta yi laushi ta yi zaƙi, in ta soyu ta yi ja za ta yi ɗaci. Yana juyawa yana fere dankali, yana yanka shi ƙanana don ya yi saurin nuna. Ya zuba shi a kan albasar, ya tace romon kazar a kai har ya rufe, ya sa gishiri kaɗan. Uwar mijina ta miƙo barkono da daddawa, ya ce a ajiye wa masu lafiya.

Duk wannan aikin kunnenmu yana waje. Ko kurar mota aka hango daga nesa sai gida ya yi tsit, yara su ruga ɗaki. Sau ɗaya muka ji ƙarar inji ta doso, uwar mijina ta saki ƙwarya ta fashe. Kawu bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da juya tukunya har ƙarar ta wuce ta yi hanyar Bakura. Sai da ta ɓace na lura gumi ya jiƙa masa baya.

Da dankalin ya nuna har yana fashewa, ya sauke, ya juye a rariya, ya riƙa murzawa da bayan ludayi yana tara abin da ke sauka. Ya maimaita har sai da ta yi sumul, babu gudaji ko ɗaya. Ya tsinka ta da madarar shanu da aka tafasa, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji zafinta, ya zura karan gwandar da kansa ya zuƙa ya ga tana wucewa. Sannan ya ce in kai shi.

Maigidana yana ganin farar riga ya juya fuska bango. Kawu ya zauna a ƙasa kusa da kansa, kwano a hannu.

"Wagga ba ta kamfani ba ce," in ji shi. "Albasa ni na shuka ta, dankali da guminai na saye shi, kaza ta uwarka ce, ruwa na rijiyar ubanka. Ka sha ka tashi. In ka warke, faɗanmu shina nan inda munka aje shi, ba mai taɓa muna shi."

Ina tsaye ina jin kukan ɗiyata a waje na kasa motsi. Can sai maigidana ya juyo a hankali, hawaye yana gangara cikin ƙyallen da aka naɗe shi da shi, ya buɗe gefen leɓensa. Ya sha rabin kwanon, ya yi barcin da bai yi irinsa ba tun da aka kawo shi.

Kawu ya bar mini sauran dankalin da albasar a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya sa na maimaita masa yadda ake yi har ya gamsu, ya ce ranar hutunsa zai dawo da wasu. Na riƙa dafawa safe da yamma. Sannu a hankali idon maigidana ya washe, ya fara zama da kansa, har yana miƙa hannu a ba shi ɗiyarsa.

Ba a jima da zuwan Kawu ba motar masu bindiga ta shigo ƙauyen. Ba su tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye suka tsaya a ƙofar gidaje biyu, suka fito da mutum biyu masu rauni da aka ɓoye, suka tafi da su. Gidanmu ko kallo ba su yi ba. Da sun shigo mana ma da abin ya zo da sauƙi a bakin mutane. Kafin azahar magana ta gama gari: kukun Turawa ya zo ya leƙa, ya nuna na wasu ya rufe nasa. A bakin rijiya mata suka daina amsa gaisuwata. Wata ta tofar da yawu kusa da tuluna. Na nemi Bafillatanar in aika wa Kawu kada ya sake zuwa, ta ce ita ta bar bin hanyar nan. Ban da addu'a babu abin da ya rage mini, ina roƙon Allah Ya sa aiki ya riƙe shi, ko keken ya lalace.

Ranar hutunsa da hantsi ina tace koko, don albasar ta ƙare, na ji hayaniya daga wajen tsamiyar da ke bakin gari. Wani yaro ya shigo a guje ya ce an tare mai farar riga. Na fita zaure na tarar da Baba a tsaye, sanda a hannu, bai fita ba bai kuma zauna ba. Na durƙusa na ce Baba, kashe shi za su yi. Ya dube ni, idonsa ja.

"Ɗiyata, ni kaina ban san gaskiyar maganar ga ba. In na fita, mi za ni ce musu?"

Na koma ƙurya da gudu ban san abin da zan yi ba. Maigidana yana zaune, ya ji hayaniyar, ya kafe ni da ido. Na gaya masa. Sai na ga ya dafa bango yana neman tashi. Na tare ƙofa na ce in ya fita kowa zai gan shi, har da wanda ya nuna waɗancan, kuma mota za ta dawo. Na ce ya dubi ɗiyarsa. Ya sa hannu ya kawar da ni, hannun babu ƙarfi, amma ban iya tsayawa ba. Ya ture zanar, ya bi bango yana jan ƙafa, zane ɗaya a jikinsa, kai a naɗe kamar gawa. Ya wuce Baba a zaure. Na yafa mayafi na bi shi.

Mutane sun yi da'ira a gindin tsamiya. Keken yana kwance, ƙafarsa ta lanƙwashe. Buhu ya yage, dankali ya warwatse cikin ƙasa. Kawu yana durƙushe, jini yana fita daga kunnensa na hagu yana sauka kan farar rigar, shi kuwa yana tsintar albasarsa ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓe mata ƙasa. Wasu da sanduna, wasu da duwatsu a hannu. Na baya ne suka fara ganin maigidana, suka dare, shiru ya bi taron har ya kai gaba. Akwai waɗanda suka yi salati, don sun ɗauka ya daɗe a ƙasa.

Ya isa tsakiya yana haki. Ba shi da bakin magana. Ya sunkuya, abin da maɗori ya hana, ya kama hannun Kawu ya tashe shi tsaye. Ya nuna bakinsa, ya nuna cikinsa, ya nuna Kawu. Sannan ya tsaya a gabansa ya fuskanci masu sandunan, ƙafafunsa suna rawa kowa yana gani. Kowa a wurin ya san abin da ya faɗa ranar suna, kowa kuma ya san inda ya samo raunin da ke fuskarsa.

Sai ga Baba ya ratso taron. Ya ce mutumin nan baƙonsa ne, wanda ya ƙara ɗaga masa hannu shi ya ɗaga wa. Ƙanen ɗaya daga cikin waɗanda aka tafi da su, yana kuka, ya ce to in ba shi ba ne wa ya nuna su? Kawu ya juya masa kunnen dama, ya sa aka maimaita masa, ya ce wallahi bai sani ba, bai ma san akwai wasu masu rauni a garin ba, in da ya sani da buhu biyu ya ɗauko. Duwatsu suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya-ɗaya. Ba zan ce duka suka yarda ba. Wasu sun tafi suna waiwaye. Mutane biyun da aka kama sun dawo bayan watanni, su ma ba su san wanda ya nuna su ba, kuma har yau ba a sani ba.

Da muka shiga gida na kawo ruwa zan wanke masa kunne, ya ce a fara hura wuta. Wuƙar tana zamewa a hannunsa, amma bai bari na karɓa ba sai wajen murza dankali a rariya. In na yi magana ta hagunsa ba ya juyowa. A nan na gane kunnen ya tafi.

Tunda an ga maigidana, zamansa a ƙauyen ya ƙare. Kafin la'asar Baba ya samo amalanke, aka kwantar da shi aka rufe da harawa, ni da goyo a gefe kamar masu kai wa dabbobi abinci. Kawu ya wanke rigarsa ya mai da ita jiƙe, ya ja hula ya rufe kunnen, ya shiga gaba yana jan karyayyen kekensa. A shingen da muka tarar, wani mai bindiga ya soka hannu cikin harawar har gwiwar hannu. Kawu ya gaishe shi cikin natsuwa, ya kira sunan gidan da yake aiki, ya tambaye shi ko an kawo musu abincin rana. Mutumin ya zare hannu ya ce mu wuce. Muka kwana a hanya gidan wani abokin Baba, washegari muka isa wurin Inna, a sabon matsugunin da aka ba mutanenmu a ƙasar Maradun, kan tsakuwa.

Kawu ya zauna tare da mu yana dafawa har ƙashi ya kama. Da ya koma sansani ya tarar an ɗauki wani kuku. Bai taɓa kawo maganar ba, a bakin matarsa muka ji. Ya kama ɗaki a Mafara, ya buɗe 'yar rumfar shayi da burodi, a nan ya tsufa. Shi da maigidana ba su taɓa daidaita ra'ayi a kan dam ba. In aka taɓo zancen, wannan ya ce an cuci talaka, wancan ya ce ruwan da ake noman rani da shi fa, sai su yi ta yi har shayi ya huce.

Amma ranar da maɗori ya zo kwance naɗin, muna gidan Inna, duk mun kewaye shi muna jiran mu ji ko magana za ta fito. Bakin ya karkace, harshe ya yi nauyi. Ya motsa muƙamuƙi a hankali, ya yi bismillah. Na zaci ni zai kira, ko ɗiyarsa. Sai ya nemi Kawu da ido, ya ce da wata murya kamar ba tasa ba:

"Kawu, wa ya buge ka?"

Kawu yana tsugune yana fere dankali. Ya gyara zama, ya juya masa kunnen hagu.

"Ɗaga murya, ɗana. Wanga kunne ba ya ji."

Maigidana ya sake tambaya, ya sake samun amsar nan. Ya tambaye shi bayan shekara, ya tambaye shi bayan ya yi furfura. Mutumin da ya ɗaga sandar ɗan ƙauyensu ne, wataƙila suna sahu ɗaya a masallaci, wataƙila an yi auratayya da gidansa. Kawu ya ga fuskarsa sarai, kuma da sunan aka binne shi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya rufa wa wanda ya cuce shi asiri, Allah Ya rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Yadda ya shayar da waɗanda suka kasa tauna, Allah Ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.